Tsutsar Siliki a Cikin Birni: Matsalar Neman Ganyen Tut

A ƙasashe da dama na duniya akwai wata al'ada ta yara wadda ba a san ta ba a ƙasar Hausa, watau kiwon tsutsar siliki a cikin kwalin takalmi. Ana samun ta a biranen ƙasar Sin da Japan, da Sifen da Turkiyya, da kuma Afirka ta Kudu. Yaro yakan samo ƙwayayen daga wurin abokinsa ko daga makaranta, a manne a jikin guntuwar takarda, ya huda murfin kwali domin iska, ya zauna yana jira. Ba don ciniki yake yi ba, domin silikin da zai samu ba zai isa ko saƙa hula ba. Sha'awa ce kurum, kamar dai yadda yaron Bahaushe kan kiwata tattabaru ko zomo. Amma akwai bambanci babba a tsakani. Tattabara tana cin dawa da gero da duk tsabar da ta samu, ita kuwa wannan tsutsa ganyen itace guda ɗaya tak take so, kuma ba a tsara biranen zamani da wannan itace a zuciya ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana dalilin wannan tsirfa ta tsutsar, da irin wahalar da takan jawo wa mai kiwonta a birni, da kuma abin da neman ganyen yake tonowa na tarihi da na harshe.

Maganar suna

Itacen da ake magana a kansa ba na ƙasar Hausa ba ne, saboda haka ba shi da wani tsayayyen suna a bakin jama'a. Larabawa da Farisawa suna ce masa *tut*, Turkawa *dut*, Ingilishi *malberi*, Sinawa kuwa *sang*. Masu Swahili sun ari wata kalmar Larabci dabam, *firsad*, suka mai da ita *mforsadi*. A nan za a riƙa amfani da *tut*, domin ita ce ta fi sauƙi a bakin Bahaushe, kuma duk wanda ya zauna a Masar ko Sudan ko Hijaz ya ji ta. Itace ne matsakaici, ɗan'uwan ɓaure da cediya da durumi a lissafin masana tsirrai, in an tsinke ganyensa sai farin ruwa ya fito kamar nono. 'Ya'yansa ƙanana ne masu zaƙi, suna rina hannu da tufa. Iri biyu ne suka fi shahara, fari da baƙi. Farin, wanda asalinsa daga Sin ne, shi ne abincin tsutsar na ainihi. Sai dai a lura, sunan yana ruɗarwa, domin sau da yawa farin tut yakan yi 'ya'ya baƙaƙe wuluk.

Shi kuma zaren, Hausa tana da kalmomi uku a kansa, kowace da hanyar da ta biyo. *Siliki* daga Ingilishi take, ita ce ƙarama a shekaru. *Alharini* daga Larabci take, *al-harir*, ta shigo tare da jan zaren nan da fatake ke kawowa ta Sahara, wanda Barth ya tarar ana shigo da shi Kano daga Tarabulus a kan raƙuma masu yawa a 1851. Ta ukun ita ce ta gida, watau *tsamiya*. Wannan zare ne na wasu tsutsotsin daji da masana ke kira *Anaphe*, masu taruwa su saƙa gida guda babba, a kwaso shi a dafa da toka, a kaɗa shi kamar auduga, a yi wa manyan riguna aiki da shi. Abin lura a nan shi ne Bahaushe ya raɗa wa zaren sunan itacen da ake samun tsutsar a kai, har ma yakan bambanta *tsamiyar tsamiya* da *tsamiyar doka*. Haka Linnaeus ya yi a 1758 da ya ba tsutsar Sin sunan *mori*, watau "ta tut". Mutane biyu da ba su san juna ba duk sun ga abu guda: ba a raba wannan halitta da itacenta. Amma tsutsar tsamiya ita ke nemar wa kanta abinci a daji, sai dai a je a ɗauko abin da ta bari. Saboda haka Hausa tana da kalmomin dafa tsamiya da kaɗa ta da ɗinka ta, ba ta da na ciyar da ita.

Dalilin da ya sa ba ta cin wani ganye

Tsutsar Sin dabbar gida ce ta sosai. An shafe shekara wajen dubu biyar ana kiwonta, har ta kai ba ta iya rayuwa in ba a hannun mutum ba. In ta girma ta zama wani farin malam-buɗe-littafi mai kauri, fiffiken yana nan amma ba ya tashi da ita, bakin ma ba ya ci. Ita kanta tsutsar in ganye ya ƙare ba ta fita daga faifai ta tafi nema, sai dai ta ɗaga kai tana jira. Wannan hali ne ya sa ta dace da kwalin takalmi, shi ne kuma ya ɗora dukan nauyin a wuyan mai kiwo.

Masanan Japan ne suka fi bin diddigin yadda take gane abincinta. A wajen 1960 Yasuji Hamamura ya nuna cewa cin nata hawa uku ne: akwai ƙamshin da ke jawo ta, akwai sinadarin da ke sa ta kai cizo, sa'an nan akwai wanda ke sa ta haɗiye. In ɗaya ya ɓace sai cin ya tsaya. A 2009 wasu masana a Jami'ar Tokyo suka gano cewa babban abin da ke jawo ta wani ƙamshi ne mai suna *cis-jasmone*, wanda ganyen tut ke fitarwa ɗan kaɗan ƙwarai, amma tana da mashaƙi na musamman dominsa. Kafin wannan, a 2006, an bayyana cewa farin ruwan ganyen yana ɗauke da wasu sinadarai masu kama da sukari waɗanda guba ne ga yawancin tsutsotsi, ita kuwa ba sa yi mata kome. Watau itacen ya kafa shinge don ya kori maciyansa, ita kaɗai ta iya ƙetarawa, sai ta wayi gari da rumbun da ba mai yi mata takara sosai. Daga baya, a 2019, masana a Shanghai suka lalata ƙwayar gado guda ɗaya mai kula da jin ɗaci a bakinta, sai ga ta tana cin tuffa da masara da waken soya. Ashe abin da ke hana ta cin sauran ganyaye ba ƙarancin yunwa ba ne, ɗaci take ji a inda wasu ba sa ji.

Duk da haka yara ba su fasa gwadawa ba. A Sin sukan ba ta latas in tut ya gagara, a Afirka ta Kudu kuwa latas ko ganyen jan tushen nan da ake kira bitirut, har ana faɗa a tsakanin yara cewa yana sa zaren ya yi ja-ja. Takan ci don dole, musamman in ba ta taɓa ɗanɗana tut ba, amma girmanta yakan ragu, da yawa kuma sukan mutu kafin su kai ga saƙa. Maganin kwana ɗaya ne ko biyu, ba abin dogaro ba ne.

Lissafin ci da lissafin lokaci

Ranar da ta ƙyanƙyashe tsutsar ba ta wuce tururuwa ba, har Sinawa da Japanawa suna kiranta da sunan da ke nufin "tsutsa-tururuwa". Ganye biyu masu taushi, a yayyanka, sun ishi ɗari daga cikinsu yini guda. A nan ne yaro da iyayensa sukan ruɗu. Cikin mako huɗu ko kusa da haka za ta yi saɓa sau huɗu, nauyinta ya ninku kamar sau dubu goma, ta kai tsawon yatsa. Kafin kowace saɓa takan daina ci ta ƙame yini guda, abin da masu kiwo ke kira barci. Bayan saɓa ta huɗu ne abin yake zama aiki, domin fiye da kashi 80 cikin ɗari na duk ganyen da za ta ci a rayuwarta a wannan mako na ƙarshe take cinsa, dare da rana, har in suna da yawa ana jin ƙarar cin kamar yayyafi a kan ganye.

Tsutsa guda tana cin giram 20 zuwa 30 na ganye kafin ta saƙa ƙwansonta. Ba wani abu ba ne. Amma mace guda tana saka ƙwai 300 zuwa 500. In aka ce 300 sun rayu, kowace ta ci giram 25, an tashi da kilo bakwai da rabi ke nan, wanda kilo shida daga ciki cikin kwana bakwai za a nemo su, kuma ɗanye shar, domin ba ta cin busasshe ko wanda ya yi yaushi. Manomi mai gonar tut ba ya jin wannan. Wanda ke hawa na goma a wani dogon bene, bai san ko itace guda a unguwarsu ba, shi ne ke ji a jikinsa.

Sai kuma maganar lokaci, wadda ta fi wannan wuyar sha'ani. A ƙasashen sanyi tut yana zubar da ganye da hunturu, ƙwan tsutsar kuma yana kwanciya bai ƙyanƙyashe ba sai sanyi ya wuce. A ƙauye abu guda ne ke tashin su biyun, watau ɗumin iska, saboda haka ranar da tsutsa ta fito ta tarar da toho yana jiranta. A birni kuwa takardar ƙwan tana cikin ɗaki mai na'urar ɗumama, itacen yana waje cikin sanyi. Sai ƙwai ya ƙyanƙyashe mako biyu ko uku kafin itacen ya yi toho, tsutsotsin su mutu cikin 'yan kwanaki da yunwa, ba don ganye ya yi nisa ba, sai don babu shi a ko'ina. Abin da gogaggu ke yi shi ne su ajiye takardar a cikin firji, a sashen kayan lambu, kada a fito da ita sai an ga toho da ido. A yankin Shanghai wannan yakan faɗo ne a watan Afrilu, a Johannesburg kuwa wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba.

Inda itacen yake a birni

In aka tambaya me ya kawo tut cikin birni tun farko, a wurare da yawa amsar guda ce: wani sarki ko wata hukuma ce ta taɓa yin mafarkin siliki. A farkon ƙarni na 17 Sarkin Faransa Henri na Huɗu, bisa shawarar Olivier de Serres, ya sa aka dasa dubban itatuwan tut a lambun Tuileries a tsakiyar Paris. Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ga abin ya ba shi sha'awa, wajen 1609 ya umarci manyan ƙasarsa su dasa, shi kansa ya ware eka huɗu a wurin da fadar Buckingham take a yau. An saba cewa shirin ya rushe ne domin baƙin tut aka dasa maimakon fari. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin tsutsar tana cin baƙin, sai dai zarenta yakan yi kaushi. Sanyi da danshin Ingila da rashin gwanaye sun fi ɗaukar alhakin. Silikin bai samu ba, itatuwan kuwa da jikokinsu suka saura a tsofaffin lambuna da harabar majami'u. A 2016 aka fara wani shiri mai suna Morus Londinium na sa su a taswira ɗaya bayan ɗaya, a 2021 kuma Babbar Kotu ta soke izinin wani gini a unguwar Bethnal Green saboda tsohon tut guda da aka so a tumɓuke a sake masa wuri. A Amurka ma an yi haukar sayen dashen tut a shekarun 1830, kasuwar ta faɗi a 1839, itacen ya bazu abinsa. A Murcia da Valencia na ƙasar Sifen cutar da ta auka wa tsutsar a tsakiyar ƙarni na 19 ta karya sana'ar, amma tut ya zauna a matsayin itacen inuwa a bakin titi, shi ya sa yaran can ba su cika shan wuyar da wasu ke sha ba.

Labarin Afirka ta Kudu ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin yana nuna abin da kuskuren suna kan jawo. Tun a ƙarni na 18 kamfanin Holan mai mulkin Cape ya gwada kiwon tsutsar bai ci nasara ba, abin da ya rage shi ne sunan wani titi a Cape Town, Spin Street, watau titin kaɗi. A 1881 kuma aka kwaso wasu iyalai masu sana'ar siliki daga Italiya aka kai su dajin Gouna kusa da Knysna, bisa labarin cewa dajin cike yake da tut. Da suka isa sai suka tarar itacen da mutanen wurin ke kira "tut na daji" wani abu ne dabam, *Trimeria grandifolia*, ganyensa ne kawai ya yi kama, ba shi da dangantaka da tut, tsutsa kuma ba ta cinsa. Mutanen nan suka koma saran katako cikin talauci. Yaron birni yana iya faɗawa cikin ƙaramin irin wannan rami, domin akwai wani ɗan'uwan tut da ake yin takarda da ɓawonsa, mai ganye mai gashi-gashi, wanda ya cika kangwaye a biranen Sin, kuma tsutsa ba ta yin kirki a kansa. Gane tut na gaskiya ma sai da lura, saboda a reshe guda ana samun ganye mai siffar zuciya da kuma mai rabe-rabe kamar tafin hannu.

Farin tut na ainihi ya shiga Afirka ta Kudu ya yi kaka-gida, tsuntsaye suna yaɗa irinsa a bakin rafuka da bayan katangu. Shi ya raya al'adar a Johannesburg da Pretoria, inda gidan da ke da tut yakan sha sallamar yaran unguwa da jakunkunan leda, har yara sukan ɗora tsutsar da ta isa saƙa a kan kwali mai siffar zuciya ko tauraro, ta shimfiɗa zarenta a kai a samu alamar littafi. Amma a jerin baƙin tsirrai masu mamaya da hukuma ta fitar a 2014 an sa farin tut a rukunin da aka hana dasa sabo da sayar da dashensa, ko da yake an bar waɗanda suka riga suka tsaya in ba a bakin ruwa suke ba. A kudu maso yammacin Amurka kuwa wani dalili ne ya kore shi. Mutane sun ƙi macen itacen saboda 'ya'yanta suna ɓata daɓe da motoci, suka cika gari da namiji, shi kuma ya cika iska da ƙurar fure mai tayar da asma. Tucson ta hana dasa shi a 1984, Las Vegas a 1991, El Paso a 1992. Ba a ce hukumomin nan ba su da hujja ba. Sai dai sakamakon shi ne tut na birni ya zama tsohon itace wanda in ya faɗi ba a maye gurbinsa.

Sin: inda itacen ya shiga harshe

Babu inda abin ya fi ban mamaki kamar ƙasar Sin, domin a nan ne aka fara kiwon. A dokar rabon ƙasa ta daular Wei ta Arewa, ta shekarar 485, an ware wa kowane magidanci wani fili da ake kira gonar tut, aka wajabta masa dasa guda 50, kuma wannan fili shi ne ake gada, sauran gonar kuwa komawa hannun hukuma take yi. Kalmar *sangzi*, wadda ta haɗa sunan tut da na wani itace da iyaye kan dasa a gida, har yau a rubutun adabi tana nufin garin haihuwa, kamar yadda Bahaushe zai ce inda aka binne cibiyarsa. *Nongsang*, "noma da tut", ita ce tsohuwar kalmar aikin gona baki ɗaya. Amma akwai wata fuska. *Sang* na tut da *sang* na jana'iza furucinsu ɗaya ne, har karin sautinsu ɗaya, rubutu ne kawai ya raba su. Saboda haka a sassa da yawa, musamman a arewa, ana camfa dasa tut a ƙofar gida. Mai nazarin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, ya san yadda ake kauce wa wata kalma don ta yi kama da abin da ake tsoro. Itace guda ke nan yana nufin gida, kuma ana gudun a gan shi a bakin gida.

Ƙarancin ganye ma ba sabon abu ba ne a can. A yankin Huzhou da Jiaxing, kudu da kogin Yangtze, akwai kasuwannin ganye tun zamanin da, inda farashi kan hau ya sauka cikin yini guda a makon nan na babban ci, kwale-kwale suna kai da kawowa da dare. Gajeren labarin Mao Dun na 1932 a kan tsutsotsin bazara a kan wannan ya ginu: iyalin da suka ci bashi suka jinginar da gonarsu don sayen ganye, tsutsa ta yi albarka, amma kasuwar siliki ta mutu, suka tashi da bashi. Abin da ya kasance maganar ci ko rashin ci ga manomi shi ne ya dawo wa jikokinsa a birni a matsayin aikin makaranta. A ɗaya daga cikin littattafan kimiyya da aka fi amfani da su a firamare, 'yan aji uku suna nazarin rayuwar dabba ta hanyar kiwon tsutsar siliki. Ma'anar wannan ita ce dubban gidaje a birni guda suna neman ganye guda a mako guda. Itatuwan da ke lambunan shaƙatawa da harabar jami'o'i sukan koma tsirara iya inda hannu ke kaiwa, wanda ya san wani tut a lungu kuma yakan riƙe sirrinsa. Masu talla a ƙofar makaranta sun daɗe da gane cewa ribar ba a tsutsa take ba, a ganye take, sai su sayar da ita da arha, su jira a dawo. Daga baya kasuwar intanet irin su Taobao ta shigo, ana aiko da ganye daga gonakin karkara a cikin leda. Wannan ya sauƙaƙa wa iyaye ƙwarai, amma ya rage wa darasin rabinsa, domin yaron da aka aiko wa ganye ta gidan waya ya san tsutsa, bai san itacen ba.

Ganyen da ke kisa

Samun itacen ba shi ne ƙarshen magana ba. Tsutsar siliki ba ta da juriyar guba ko kaɗan, ganyen birni kuwa ba a san abin da ya hau kansa ba. Ma'aikatan lambu sukan yi wa itatuwan titi feshin maganin ƙwari, kuma wani abin takaici, ɗaya daga cikin magungunan da ake ɗauka marasa illa ga mutum, ƙwayar cutar nan *Bacillus thuringiensis*, a jikin matattun tsutsotsin siliki aka fara gano ta a Japan a 1901. Akwai kuma magungunan da ba sa kashewa nan take. A arewa maso gabashin Italiya, daga ƙarshen shekarun 1980, masu kiwo sun ga tsutsotsinsu suna ta ci suna ƙin saƙa har su mutu, aka bi sawu aka tarar wani magani ne da ake fesa wa gonakin 'ya'yan itace, iska ke kwaso ɗan burbushinsa. A Zhejiang hayaƙin wuraren gasa bulo ya taɓa zama annoba ga gonakin tut. A cikin gida kuma maganin sauro na ƙonawa, da na fesawa, da hayaƙin taba, kowanne yana iya share kwali guda a dare ɗaya.

Saboda haka ƙa'idodin da masu kiwo ke bi kaɗan ne amma ba a wasa da su. Ana gudun itacen bakin babban titi da na lambun da ake kula da shi sosai. Wanda aka ga ƙwari sun ɗan huda ganyensa ya fi aminci. Ana tsinka da sassafe ko da yamma, a wanke, sa'an nan a shanya ko a goge har ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen ganye yana kawo musu zawo. Sabon itacen da ba a sani ba akan gwada shi a kan tsutsa biyu ko uku tukuna. Ƙanana toho mai taushi ake ba su, manya kuwa ganye ƙosasshe. In an nannaɗe shi a leda aka sa a firji yakan kai kwana biyar zuwa mako, amma a bari ya huce kafin a zuba.

Japan ta bi wata hanya. Tun daga wajen 1960 masananta suka fara haɗa abincin gwangwani na tsutsa, garin busasshen ganyen tut da waken soya da wasu sinadarai, ana dama shi ya daskare a yanka. Da shi makarantu da yawa ke kiwo a yau, ko da yake tsutsar da ta riga ta saba da ɗanyen ganye ba ta cika yarda ta koma kansa ba. Ƙasar da a farkon ƙarni na 20 ta fi kowa fitar da siliki, inda manoma ke kiran tsutsar *okaiko-sama* da lafazin girmamawa, suna ƙirga ta da kalmar da ake ƙirga shanu da dawaki, inda har yau matar sarki take kiwonta da hannunta a fada bisa al'adar da aka fara a 1871, gonakin tut nata sun ragu ƙwarai har ya zamana a 2013 hukumar safiyo ta cire alamar gonar tut daga cikin alamomin sababbin taswirorinta. Birnin Hachioji, a yammacin Tokyo, yana nan da tsohon laƙabinsa na "birnin tut", tsofaffi kuma in aka yi tsawa har yanzu sukan ce *kuwabara, kuwabara*, watau "filin tut", don neman tsari daga aradu.